Kwandon Sharar Dezzie Furlong

Ranar da Dezzie Furlong ya ƙudura zai shigo da layin Hollin ɗungurungum cikin birnin Liverpool, ba shi da komai a hannu sai gwangwanin fenti biyu da buroshi ɗaya. Shi a ganinsa ma kayan aikin sun yi yawa.

Dezzie tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne, gajere, mai tumbi, mai sanƙo, bakinsa ba ya hutawa sai in yana tauna. Tun da ya ajiye aiki ya naɗa kansa alƙali a kulob ɗin tsoffin 'yan tasha, shari'arsa kuma guda ɗaya ce tak: wane ne Sikausa na gaske, wane ne ɗan ulu. Sikausa dai mu ne 'yan cikin gari, da aka raɗa mana suna daga tukunyar sikaus, farfesun nan na nama da dankali da ya raini kakanninmu. 'Yan ulu kuwa mutanen garuruwan gefe ne, wai kakanninsu dakon ulu suke yi a gadon baya. Ko a waya ka ji mutum ka san inda ya fito. Mu ta hanci muke magana, mu kakaro kalma daga maƙogwaro, mu ɗage ƙarshen zance sama kamar komai tambaya ne. Su kuwa jan magana suke yi a hankali, sai shayinka ya huce ba su gama gaisuwa ba.

To amma harshe ana iya aronsa, in ji Dezzie. Don haka ya kafa doka da bakinsa a gaban kowa, yana dukan tebur: kwandon shara shi ne shaida. Hukumar birni kwando shunayya take raba wa mutanenta, na roba, mai taya. Gundumomin gefe kuwa ruwan toka suke bayarwa. Mai shunayya ya zauna a teburin taga, kusa da hita, yana kallon kogi. Wanda ba shi da ita ya koma bencin bakin ƙofa, inda iska ke yanka ƙafa. Da wannan doka ya tashi Clifford Unsworth daga taga, mutumin da suka yi lodin jirgi tare tun suna samari. Clifford ya ɗauki kofinsa ya koma ƙofa. Kullum kuma Dezzie zai wuce sai ya kakkaɓe masa baya, wai yana cire masa ulu.

Ana nan sai gwiwoyin Philomena, matar Dezzie, suka ce sun gaji da hawa bene. Ta nemo gida marar bene a layin Hollin, kan wani ɗan tudu, ta ce ko ya biyo ta ko ya zauna da matakalar su tsufa tare. Iyakar birni kuwa a gindin tudun take, daidai mahaɗar da bas ke tsayawa. Layin Hollin yana waje.

"A ciki yake," Dezzie ya gaya wa 'yan teburin taga. "Dab da iyaka dai, amma a ciki. Ni Desmond Furlong zan kwana a ƙasar 'yan ulu? Gara in kwana a kogi."

Ged Mulhearn, wani dogo mai siririn gashin baki da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan kujerar Dezzie, ya ajiye kofinsa.

"Madalla, yaro. Ran Asabar muna zuwa cin sikaus na tarewa. Mu gaida Philomena, mu gaida kwando."

"Ku zo da tabarau," in ji Dezzie. "Shunayyarsa kashe ido take."

Ya dawo sabon gidan ya tsaya a gaban kwandon sharar. Ruwan toka ne, toka mai taurin kai, ko da wane ido ka dube shi. Ya san in Ged ya ga wannan abu, kujerar taga ta tafi, sunan da yake tinƙaho da shi tun yana goye ya bi ta.

"Kallo ba ya sauya masa kala, Desmond," in ji Philomena daga taga.

"Ba kallo nake ba, sarauniya, lissafi nake."

A ɗakin ajiya ya tono gwangwanin jan fenti da ya zo da shi daga tsohon gida, da na shuɗi da mai gidan na da ya bari. Kowa a garin nan ya taɓa jin cewa wai shunayya aka zaɓa don kada a ɓata wa magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallon garin biyu, masu ja ko masu shuɗi, aka haɗa biyun. Dezzie ya zuba wannan, ya zuba wancan, ya gauraya da muciyar Philomena.

"Wannan fentin bangon ɗaki ne," ta ce. "Kuma muciyata ce."

"Fenti fenti ne. Ni da na shafa wa jiragen da suka je ƙarshen duniya suka dawo?"

"Buhu ka ɗauka, Desmond. Ko ƙofar banɗaki ba ka taɓa shafawa ta bushe lafiya ba."

Bai kula ta ba. Kafin yamma kwando ya fito shunayya, in ka tsaya nesa ka runtse ido ɗaya. Ya ja shi bakin titi, ya riƙe ƙugu. Philomena ta fito a kan keken lantarkinta mai ƙafa huɗu, ta dubi kwandon, ta dubi layin daga sama har ƙasa.

"Ya yi kyau. Guda ɗaya tilo a cikin toka duk layi. Ged makaho ne ai, ba zai lura ba."

Da wani mutum ne, da nan zai ji kunya ya ɗauko ruwa da soso. Dezzie kuwa idonsa ne ya yi haske.

"Sarauniya, kin kawo magana! Duk layin za a yi!"

"Ni ban kawo komai ba. Kada ka sa sunana."

Washegari ya sa kwat ɗin zuwa coci ya fara bi gida-gida. Don maƙwabta su san da wa suke magana, sai ya ninka harshen gari sau biyu, yana kakaro kowace kalma tun daga cibiya. Ƙofar farko ta Misis Doreen Rigby ce, wata tsohuwa mai farin ƙaramin kare da ake kira Pearl. Ya yi mata bayani dalla-dalla: zai ɗaga darajar layin kyauta, kowa ya wayi gari ɗan birni.

Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce a hankali, irin nasu, "Ƙashin kifi ne ya maƙale maka, Mista Furlong? In kawo burodi?"

"Harshen gari ne wannan, uwar gida. Na asali."

"Allah sarki. Ba a samo maganinsa ba har yanzu?"

"Ina yi miki tayin zama Sikausa!"

"Ni uwata 'yar ulu ce, kakata 'yar ulu ce, kuma duk a gadonsu suka mutu lafiya. Sauka daga kan furannina."

Haka ya sha a kowace ƙofa, har ya kai gidan ƙarshe a gindin tudu, gidan Norris Pilling, tsohon mahauci, ƙato, wanda in ya tsaya a ƙofa haske ba ya shiga. Norris ɗan ulu ne, amma a ƙwallo na masu shuɗi ne har cikin ɓargo. Ƙofarsa shuɗiya, labulensa shuɗi, ko tumatir ba ya so a gan shi da shi a fili. Dezzie kuwa na masu ja ne, ga ɗan bajonsu a wuyan kwat.

Norris ya dubi bajon kawai. "Ka taɓa min kwando, in rataye ka a ƙugiyar nama."

"Sun amince," Dezzie ya gaya wa Philomena da ya dawo. "Kunya ce kawai irin ta mutanen ƙauye."

Ran Alhamis ake kwasar shara a layin. Da safe kowa ya jawo kwandonsa bakin titi, masu aiki suka tafi aiki, tsofaffi suka hau bas zuwa kasuwa, layi ya yi tsit. Dezzie ya fito da bokiti da buroshi, ya fara daga saman tudu yana waƙa.

Na farko-farkon sun fito da mutunci. To amma gwangwanin shuɗi rabi ne, na ja kuwa cike yake, Dezzie kuma ba mai awo ba ne. Duk sa'ad da bokiti ya yi ƙasa sai ya ƙara abin da ya fi yawa. Tsakiyar layi kwanduna suka koma kalar hanta. Can ƙasa suka fara yin ja-ja. Da ya iso na Norris Pilling ko ɗigon shuɗi babu, ya kankare gwangwani har ya ji ƙarfe. Ya tsaya ya yi tunani na ɗan lokaci, abin da ba ya yawan yi, ya ce ai in ya bar guda ɗaya toka aikin ya ɓaci. Ya shafe shi ja zur.

Yana wanke buroshi Pearl ta fito ta ƙasan shinge, ta zagaya kwandon uwar ɗakinta tana goga jiki yadda ta saba. Ta je fara, ta dawo rabi kalar hanta.

Sai ga motar shara ta gunduma ta shawo kwana. Ta tsaya. Direba ya leƙo, ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar.

"Baba, me ya sami layin nan?"

"Ci gaba ne ya same shi," in ji Dezzie. "Ku kwashe."

"Mu toka muke ɗauka. Shunayya ta birni ce."

"Ai naku ne, riga kawai suka sauya!"

"To su cire riga, mu dawo zagaye na gaba. Wancan jan kuma ban san na wace ƙasa ba ne."

Dezzie ya bi motar da gudu yana zazzaga musu harshen gari har bakin mahaɗa. Ko waiwaye ba su yi ba.

Da yamma layin Hollin ya taru a ƙofar gidansa. Misis Rigby na gaba, rungume da Pearl a cikin tawul.

"Dube ta! Dube ta, Mista Furlong! Sau uku na wanke ta, yanzu ta koma kalar alewa!"

"Ta yi kyau, uwar gida. Karyar birni ke nan."

"Sharar kifi ce a nawa," wani ya ce daga baya. "Ni ƙunzugun jarirai!" in ji wata. Sai taro ya dare biyu, Norris ya taho yana jan kwandonsa da yatsa biyu, fuska a kawar, kamar mai ɗauke da mushe.

"Furlong. Wace kala ce wannan?"

"Shunayya ce mai ƙarfi."

"Ja ne."

"Hasken yamma ne, ɗan'uwa. Da safe za ka ga..."

"A ƙofar gidana. Ja. Surukina ya wuce a mota ya ɗauki hoto." Norris, ƙato guda, kamar zai yi kuka. "Tun da aka haife ni ba a taɓa ci min mutunci irin na yau ba."

Dezzie ya haye kan matakalar ƙofa don ya yi tsawo, ya buɗe maƙogwaro iya ƙarfinsa. Ya ce su kwantar da hankali, shi mutum ne mai mutane. Motar birni tana kwasa ran Asabar da safe a ƙasan mahaɗa, can cikin iyaka. Shi da kansa zai kai kwandunan gaba ɗaya, a juye su, ya dawo da su fes kafin baƙinsa su iso da rana. Ya yi ta magana har fitilun titi suka kama, bai bar kowa ya sa baki ba.

"Asabar," in ji Norris. "In ba haka ba, ƙugiya."

Ran Juma'a rana ta fito, abin da ba ta cika yi mana ba, ta dafa sharar nan lugub. Tsuntsayen teku suka samu labari suka zo da danginsu. Dezzie ya wuni a titi yana korar su da tsintsiya, yana yi musu ihu, yana kuma ba duk wanda ya wuce amsa da harshen da ya ƙara wa gishiri. Da la'asar muryarsa ta fara tsagewa.

"Ka sha zuma ka yi shiru," in ji Philomena, tana feraye dankali.

"Sikausa ba ya shiru, sarauniya. Sai in ya mutu, shi ma sai an danne."

"Ka kira Ged ka gaya masa gaskiya. Benci ne fa kawai."

"Benci? Kusa da Clifford Unsworth? Bayan duk abin da na..." Bai ƙarasa ba. Ya fita ya ci gaba da yaƙi da tsuntsaye.

Asabar da safe Philomena na kicin tana fama da tukunya, ba ta ji sa'ad da aka zare keken lantarkinta daga caji ba. Dezzie ya jera kwandunan layin a tsakiyar titi, ɗaya bayan ɗaya, ya bi hannayensu da igiyar shanya, ya ɗaure kan igiyar a bayan keke. Maƙwabta suka fito ƙofa-ƙofa da kofunan shayi.

"Ɗaurin 'yan tasha ne wannan," ya ce musu da murya kamar ana jan kujera. "Ya riƙe jirgin ruwa, balle shara."

Ɗaurin ya ci masa lokaci, don kowane ƙulli sai ya tsaya ya yi bayaninsa. Da ya hau ya murɗa, keke ya yi ƙugi bai motsa ba. Ya sauka ya tura, ya hau, ya sake sauka. Hadari kuma ya haɗu ta wajen kogi. Can dai ayari ya yi gyaɗa-gyaɗa ya ɗau hanya, Dezzie a gaba ƙirji a buɗe, yana ɗaga wa jama'a hannu.

Sai ruwa ya sauko, irin namu, mai zuwa a karkace.

Fentin bango bai taɓa alkawari da roba ba. Ya fara zubowa layi-layi, shuɗi ta nan, ja ta can, toka na leƙowa daga ƙasa. Dezzie bai gani ba, don tudu ya fara gangara, kwandunan kuma sun gano cewa sun fi keken nauyi. Na farko ya daki bayansa. Na biyu ya daki na farko. Keken da aka yi don tsohuwa ta je shago ya ɗauki gudun da maƙerinsa bai taɓa mafarki ba.

"Birki, Mista Furlong!" Misis Rigby ta ƙwalla.

"Shi nake nema!"

Pearl ta fizge ta bi su tana haushi, tsuntsaye suka rufa a sama, layin Hollin ya biyo baya da laima. Can ƙasa motar sharar birni ta gama aikinta, ta wuce ta gaban mahaɗar salin-alin ta tafi. A gurbinta bas ya tsaya. Ged Mulhearn ya sauko, don ya ce a zo da wuri, mai gaskiya ba ya tsoron sammako. Bayansa 'yan teburin taga, kowa da kwat, sai Clifford Unsworth a ƙarshe riƙe da kek a kwali.

Daidai nan ɗaurin 'yan tasha ya kwance.

Keke ya yi dama ya shige shingen furanni. Kwanduna suka yi hagu, suka haye dakalin titi, suka kife ɗaya kan ɗaya a gaban tashar bas. Kan kifi, ƙunzugu, ɓawon ƙwai, ganyen shayi, duk suka baje. Dezzie ya yi sama kaɗan, ya sauko zaune daɓas a tsakiya, ɓawon ayaba a kafaɗa. Ruwa ja da ruwa shuɗi suka bi kwata, kowanne da hanyarsa.

Ged ya buɗe laima a natse. Ya zagaya ya duba kwandon da aka rubuta lambar gidan Dezzie a jiki, ya sa yatsa ya shafa, ya ɗaga yatsan kowa ya gani, sannan ya nuna inda ya shafa.

"Toka," ya ce. "Toka, jama'a. Kun gani ko in ƙara gogewa?"

'Yan taga suka fashe. Wani har ya riƙe ƙarfen tashar bas.

"Tsaya, Ged," in ji Clifford a hankali. "A bar shi ya yi magana mana. Ko ba kwando ai yana da harshe."

"Gaskiya ne," in ji Ged. "To bismilla, yaro. Ba mu na asali mu ji."

Dezzie ya miƙe. Wannan kam filinsa ne, ba a taɓa kayar da shi a nan ba. Ya gyara kwat, ya cika ƙirji, ya buɗe baki, ya kakaro daga can ƙasa.

"Fiii," in ji maƙogwaron.

Ya sake gwadawa. Ko fiii ɗin bai samu ba, sai iska. Ya daki ƙirji, ya yi tari, ya nuna wuya, idonsa ya cicciko. Mutumin da bai taɓa rasa amsa ba tun da ya iya magana, ga shi tsaye cikin ruwa yana buɗe baki yana rufewa.

"Ba kwando, ba harshe," in ji Ged. "Doka kuma shi ya kafa ta, ba ni ba. Desmond Furlong, daga yau kai ɗan ulu ne." Ya juya wajen mutanen layin ya ɗan rusuna. "Ga naku nan, mun ba ku kyauta."

"Kai, dakata!"

Norris Pilling ne, ya ture laimomi ya fito.

"Wa za ku ba? Mu? Ba ma so. Ku kwashi kayanku."

"A ƙasarku yake kwana," in ji Ged.

"Ko a gadona yake kwana ba namu ba ne! Ka taɓa ganin ɗan ulu ya shafa wa kayan mutane fenti, sannan ya tsaya jiran godiya? Ka taɓa ganin ɗan ulu ya wuni yana gardama da tsuntsu? Wannan cika baki, wannan rashin kunya, wannan surutu ba birki, naku ne! Sikausa ne tun daga sanƙo har tafin ƙafa, ban taɓa ganin wanda ya kai shi ba!"

"Ko kusa," in ji Misis Rigby. "Mu mutanen kirki ne."

"Kwandonsa toka!"

"Halinsa shunayya!"

Aka kaure, 'yan birni na tura shi da baki, 'yan ulu na dawo da shi, direban bas ya kashe inji don ya ji ƙarshe. Shi kuwa Dezzie, da ya ji abin da Norris ya faɗa, sai fuskarsa ta washe. Yana tsaye cikin kan kifi yana gyaɗa kai, yana nuna Norris da hannu biyu, yana duban kowa ko ya ji.

Philomena ce ta raba, ta gangaro da sanda tana ɗingishi, ga ludayi a ɗaya hannun.

"Wanda ya ɗaga kwando ɗaya ya tsince sharar ciki, yana da kwanon sikaus da jan kabeji. Wanda ya tsaya surutu ya ci surutu. Desmond, fito min da kekena daga cikin furannin mutane, sannan ka nemi soso."

Aka ci sikaus a tsaye a kicin da falo, 'yan birni da 'yan ulu kafaɗa da kafaɗa, tukunya har ƙasa. Dezzie bai samu ba. Yana waje yana wanke kwanduna, Norris na zaune a kujera yana duba aikin, musamman nasa.

Ran Litinin ya shiga kulob da gyale a wuya. Ged na kan kujerar taga ya miƙe ƙafa wajen hita, ya ɗaga masa kofi. Dezzie ya juya ya nufi bencin ƙofa, kai a ƙasa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har mutane suka daina dariya.

Clifford ya ɗora hularsa a kan gurbin da ya rage.

"Yi haƙuri, Dezzie. Mun yi shawara. Nan na 'yan ulu ne, kuma ka ji abin da Norris ya ce."

Dezzie ya dubi taga, ya dubi ƙofa, ya tsaya a tsakiyar ɗaki da kofi a hannu. Daga ƙarshe mai kula da kulob ya ji tausayi, ya jawo masa wata kujerar roba ya ajiye jikin ginshiƙi, a hanyar banɗaki, inda babu kogi babu hita, kowa kuma sai ya ce masa gafara kafin ya wuce.

Ya zauna. Ya kurɓi shayi. Can sai ya kamo hannun rigar mai kula da kulob, ya jawo shi kusa, don muryar ba ta dawo ba sai raɗa.

"Kana wurin ran Asabar?"

"Ba na nan, Dezzie."

"Ka yi asara. Tun daga sanƙo har tafin ƙafa, in ji mutumin. Bai taɓa ganin wanda ya kai ni ba." Ya nuna teburin taga da haɓa. "Tambaye su, a cikinsu wa aka taɓa yi wa wannan shaida a gaban jama'a?"